Lawashi Ba Shi Ne Albasa Ba

A zaɓen 2023, hukumar INEC ta buɗe wa masu neman kujerun gwamna da na majalisun jihohi ƙofar yaƙin neman zaɓe ranar 12 ga Oktoba, 2022. Aka kaɗa ƙuri'a ranar 18 ga Maris, 2023, bayan an ɗaga da mako guda domin a sake saita na'urar BVAS mai tantance masu zaɓe. Duk wanda ya tashi a Lafani ko wani gari na ƙasar Illela, idan ya dubi tsakanin waɗannan ranaku biyu, zai ga lissafin da ya sani tun yana yaro. Ana kammala kaka, sanyi na fara saukowa, ake yafa irin albasa. Zafin bazara na kamawa ake cire ta. Watannin da ɗan takara ke yawo ƙauye-ƙauye su ne watannin da manomin rani ke duƙe a fadama. Ayyukan nan biyu halinsu ɗaya, kuma matashin da zai nemi kujerar majalisar jiha karon farko zai fi ƙaruwa da zama wurin tsohon manomin albasa a kan zama wurin masu yi masa kirari.

Kujerar da ake magana a kanta ɗaya ce cikin 30 na Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato. Ƙananan hukumomin jihar 23 ne, wasu suna da kujeru biyu, Illela kuwa ɗaya gare ta. Mutum guda ke magana da yawun gundumomi 11, tun daga cikin garin Illela zuwa Kalmalo, Araba, Damba, Garu, Tozai, Gidan Hamma, Gidan Katta da sauransu. A 2023 Bello Isa Ambarura, wanda ya zauna a kan kujerar, ya haura Majalisar Wakilai ta Tarayya a mazaɓar Illela da Gwadabawa, wuri ya koma hannun wani. Tun ranar 31 ga Mayu, 2018 kuma, da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulkin da ya rage shekarun tsayawa daga 30 zuwa 25, saurayin da ke da takardar sakandare ya samu ikon neman wannan kujera. A Jihar Kwara, Rukayat Shittu ta ci kujerar Owode/Onire tana da shekara 26. Doka ta ba da hanya, saura sanin yadda ake aikin.

Abin da sabon manomi ya fara rasawa shi ne fili. Fadama tana da masu ita tun kaka da kakanni, wanda ya shigo daga baya sai aro ko haya. Haka sabon ɗan takara yake. Sashe na 106 na tsarin mulkin 1999 bai yarda mutum ya tsaya a ƙashin kansa ba, dole ya zama ɗan jam'iyya, jam'iyyar kuma ta tsayar da shi. Kuɗin hayar filin ma ba ƙarami ba ne: a 2022 APC ta sayar da fom ɗin majalisar jiha naira miliyan 2, PDP ta sayar naira dubu 600. Bayan fom sai deliget. A zaɓen fid da gwani na Mayun 2022, wakilai uku ko biyar ne daga kowace gunduma, gwargwadon jam'iyya, suka kaɗa ƙuri'a. Wato a ƙasa kamar Illela, mutanen da ba su kai sittin ba ne suka yanke wanda dubban jama'a suka gani a takardar ƙuri'a. Wani lokaci ma ba a kai ga akwati, manya su zauna su ce an yi sasanci.

Matasa da yawa a nan suke karaya, su koma gefe suna zagin dattawan jam'iyya. Zagi kuwa bai taɓa sa mai fili ya ba da aro ba. Wanda ke son fadama a watan Oktoba, tun da damina ake ganin ƙafarsa a ƙofar gidan mai ita. Wanda ke son tikiti, shekaru kafin zaɓe ake ganinsa a taron gunduma, ya yi wa wani ejan a rumfar zaɓe, ya shimfiɗa tabarma a taron da ba nasa ba. Sai dai kafin ya sa fartanya, ya tambayi sharaɗin aron. Akwai filin da ake ba mutum da sharaɗin a raba amfani biyu, akwai wanda sharaɗinsa shi ne mai noma ya tashi da ciwon baya kawai. Gara a ji sharaɗi tun ƙasa tana busasshiya.

Bayan fili sai iri. Manoman wannan yanki sun sha kuka da gurɓataccen iri na kasuwa. Zai tsiro kore shar, ya yi ganye gwanin sha'awa, mutum ya yi wata uku yana zuba masa ruwa da kuɗi, ranar da ya tona ƙasa ya tarar babu kai. Shi ya sa tsofaffin manoma ke ware albasa mafi kyau su sake binne ta, ta yi fure, su tara irinsu da hannunsu, ko su sayo wurin wanda suka sani, kamar irin Galmi da ke can gaba da Ƙonni a Nijar, wanda sunansa ya zagaye Afirka ta Yamma. Irin ɗan takara shi ne halinsa. Ba a sayo shi a wurin masu buga fosta a Sakkwato, kuma mutanen karkara sun fi kowa iya tantance shi. Sun san wanda ya zo gaisuwar mutuwa tun bai san zai yi takara ba. Sun san wanda aka ba ajiyar kuɗin masallaci ya dawo da su cif. Sun san wanda ya ɗauki mai naƙuda a motarsa cikin dare zuwa asibitin Illela bai tsaya cinikin mai ba. Sunan gida yana taimakawa, amma in yaro bai gaji mahaifinsa ba, nan da nan za a ce albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Shi iri ba a watsa shi gona gaba ɗaya. A ɗan fangali ake renonsa, kwana arba'in ko fiye, ana yayyafa masa ruwa safe da yamma har ya yi kaurin da zai jure ciro. Fangalin ɗan takara garinsu ne. Idan mutumin Lafani bai iya tara mutum ashirin na Lafani da za su bar aikinsu su bi shi ba tare da an sallame su ba, to bai kai dashe ba tukuna. Waɗannan 'yan kaɗan ɗin, abokan makarantar allo, 'yan kabu-kabu, malamin firamare, gwaggo mai ƙosai da ke shiga kowane gida, su ne za su kai sunansa inda ƙafarsa ba ta kai ba. A rumfar garinsu ake fara auna ɗan takara, kuma duk ƙasar za ta ji idan ya faɗi akwatin ƙofar gidansu.

Dashe shi ne aikin da ya fi cin baya. Mutum zai duƙa cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, damin yabanya a hannun hagu, yana huda rami da yatsa, yana sa ɗaya-ɗaya, yana danne gindin kowace. Babu injin da ke yi masa, babu gajeriyar hanya. Haka zagayen ƙauyuka yake. Zai isa zauren maigari, ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa ya ce, "Ranka shi daɗe, na zo gaisuwa ne, na kuma kawo kaina." Wani dattijo daga gefen shimfiɗa zai dube shi ya ce, "Kai ɗan wa na?" Zai faɗi ubansa da kakansa, a yi shiru ana lalubo su a zuci. Idan ya gama bayani, maigari ya ce, "Mun ji, ɗana. Allah shi ba da sa'a." Sabon shiga yakan fito yana murna, ya ce wa abokan tafiyarsa an gama da wannan gari. Alhali addu'a ce da ake yi wa duk baƙon da ya shigo zauren, kuma wanda zai zo gobe daga ɗaya jam'iyyar ita zai samu. Abin da ya yi yau dashe ne kawai. Kamawa ko bushewa yana ga abin da zai biyo baya.

Kuma zaure rabin gari ne. Ranar zaɓe, layin mata yakan fi daɗewa cikin rana, amma su ne aka fi mantawa da su a lokacin zagaye, sai dai a aika musu da sabulu ta hannun wata shugabar mata. Majalisar da aka zaɓa a Sakkwato a 2023 babu mace ko ɗaya a cikinta, don haka kukan mata sai ta bakin namijin da ya saurara. Wanda ya nemi izini ya tura yayyensa da ƙannensa mata cikin gidaje, su zauna su ji, zai gano cewa zancen Inna da ke cikin gida daban yake da na majalisar bakin titi. Ita nisan rijiya ya dame ta, da rashin ungozoma a asibitin gari, da ajin da rufinsa ya yaye har aka daina tura yara.

Daga nan sai ban ruwa, inda ake gane mai haƙuri. Saiwar albasa gajera ce, ba ta nitsa ƙasa ta nemo danshi da kanta. Ba ta son a yi mata ambaliya yau a manta da ita mako biyu. Kaɗan-kaɗan take so, a kai a kai. Ɗan takarar da ya zo gari sau ɗaya da jerin motoci da makaɗa, ya ta da ƙura ya wuce, ambaliya ya yi. Wanda ya dawo ranar suna, ya dawo ranar jana'iza, aka gan shi ranar Lahadi a kasuwar Illela yana tsaye a kara yana jin kukan masu dabbobi, shi ne mai ban ruwa. Wannan kuwa yana cin kuɗi, kamar yadda injin ban ruwa ke shan mai. Dokar zaɓe ta 2022 ta ƙayyade naira miliyan 30 a matsayin iyakar abin da ɗan takarar majalisar jiha zai kashe. Ga malamin makaranta ko ƙaramin ɗan kasuwa, ko kashi ɗaya cikin goma na wannan babban nauyi ne.

A nan ne dillali ke shigowa. Kowane manomi ya san mutumin da ke zuwa farkon rani da fara'a, ya ba da kuɗin mai da na taki, da sharaɗin in an cire shi zai saya, shi kuma zai yanka farashi. Ranar cira, manomi na tsaye za a loda guminsa a mota. A siyasa sunansa uban gida. Ba kowane mai taimako ne mugu ba, akwai dattawan da ke ɗaga yaro don Allah da son ci gaban ƙasa. Amma wanda ya biya fom, ya biya mota, ya sallami deliget, ya sallami ejan, yakan zo karɓar kayansa, kuma abin da zai ɗauka shi ne bakin ɗan majalisa na shekara huɗu. Ya fi wa sabon ɗan takara alheri ya noma ɗan abin da ƙarfinsa zai iya, da gudummawar dubu ɗaya-ɗaya daga mutane masu yawa, a kan ya buɗe ƙatuwar gona da kuɗin mutum guda.

Tsakiyar rani, fadama takan yi kyan da ke ruɗin baƙo. Ganye ya miƙe, iska na kaɗa shi, mai wucewa ya ce wane ya yi arziki bana. Manomi na gaskiya ba ya amsawa sai ya tsuguna ya tona gindi ɗaya da yatsa ya ga abin da ke ƙasa. Fosta a jikin kowace bishiya, tururuwar babura, ihun "sai ka yi", yabo a Facebook da WhatsApp, duk lawashi ne. Yana da amfaninsa, ana miya da shi, kuma ta ganye albasa ke samun abincin da take yin kai. Amma ba shi ake aunawa a buhu ba. Yaran da suka cika taron yau su ne za su cika na abokin hamayya jibi, da yawansu ma ba su karɓi katin zaɓe ba. Tonon da ɗan takara zai yi shi ne ya zauna da rajistar kowace rumfa: mutum nawa ke ciki, nawa suka karɓi kati, nawa suka tafi cin rani Legas ko Fatakwal ba za su dawo ba sai damina, nawa suka bar ƙauyensu saboda 'yan bindiga. Tunda BVAS ta zo, sai mai kati ya tsaya da kansa na'ura ta gane yatsansa ko fuskarsa.

Wanda ke ganin wannan ƙididdiga ɓata lokaci ce, ya tuna 2019, lokacin da Aminu Waziri Tambuwal ya riƙe kujerar gwamnan Sakkwato da ratar ƙuri'a 342 kacal a kan Ahmad Aliyu. Ya kuma dubi Nguru a Jihar Yobe, inda a 2023 matashi Lawan Musa Majakura, wanda bai taɓa zama majalisa ba, ya kayar da kakakin majalisar jihar, Ahmed Lawan Mirwa, mutumin da ke kan kujera tun 2003. Ƙuri'a 6,648 da 6,466 aka bayyana, ratar 182. Rumfa ɗaya ta ƙauye kamar Lafani tana iya ɗauke wannan rata.

Akwai kuma jarrabawar taki. Manomin da ke gaggawa yakan ɗura wa albasa takin zamani har kusa da cira. Za ta kumbura ta yi girma, wuyanta ya yi kauri, ta cika ido a kasuwa. Amma ruwa ne a cikinta, ba ta ajiyuwa, in ta yi 'yan makonni sai wari. Wadda aka bi a hankali da takin gida, ta ƙosa da kanta har ganyenta ya kwanta, ita ke kai wa watanni. Ƙuri'ar da aka saya irin ta farko ce. A 2023, da canjin fasalin naira ya sa takardar kuɗi ta yi wuya har sefa ta riƙa yawo a hannun mutanen bakin iyaka, masu saye ba su fasa ba, sai suka koma taliya da atamfa da tura kuɗi ta waya. Talauci gaskiya ne, kuma ba na ganin laifin uwar da ta karɓi taliya yaranta na jin yunwa kamar yadda nake ganin laifin wanda ya auna yunwarta ya yi mata farashi. Sai dai ciniki in ya faɗa ya faɗa. Wanda ya saya yana ganin ya biya, ba ya jin ana binsa komai, wadda ta sayar kuma ta rasa bakin tambaya. Sabon ɗan takara ba zai taɓa fin tsofaffi kuɗi ba. Abin da ya fi su da shi kawai shi ne bai taɓa saɓa wa kowa alkawari ba, kuma ranar da ya fara saye ya zubar da wannan.

Idan cira ta matso, ana yanke ruwa a bar ƙasa ta sha iska. Doka ma ta ce a tsayar da yaƙin neman zaɓe sa'o'i 24 kafin ranar ƙuri'a. Ranar cira kuwa ba a barin gona ba mai tsaro. Kowace rumfa tana bukatar ejan amintacce, wanda ya iya karatu, ya ci abinci daga gida, ba zai tashi ba sai an ƙirga a gabansa, an cika takardar EC8A, ya sa hannu ya karɓi kwafinsa, ya bi ta har wurin tattara sakamako. Da yawa sun yi noma mai kyau suka yi asara a wannan dare ɗaya. In kuma duk da haka aka faɗi, to shekarar fari dama ta koyo ce. Manomin kirki yakan ware iri ko a shekarar asara. Wanda ya faɗi ya je ya yi wa mutane godiya gari-gari, bai tura yara su ƙona taya ba, bai ɓace ba sai wani zaɓen, ya riga ya fara renon na gaba.

Wanda ya ci kuma, ya san cewa lokacin cira albasa ba ta da daraja, kowa na da ita. Darajarta tana rudu, wannan rumfa ta itace da kara da ake ɗagawa daga ƙasa a rufe da ciyawa don iska ta riƙa ratsawa. Mai rudu ba ya kulle ta ya tafi. Yana dawowa yana juyawa, yana tsame wadda ta fara lalacewa kafin ta shafi 'yan'uwanta, har ƙarshen damina lokacin da buhu ke tsada. Shekara huɗun majalisa su ne rudu. Tsarin mulki ya wajabta wa majalisar jiha zama na aƙalla kwana 181 a shekara. Ita ke amincewa da kasafin kuɗi, ita ke tantance kwamishinoni, tana da ikon kiran kowace ma'aikata ta yi bayanin inda kuɗi suka shiga. Nauyin wurin ya kai a 2008, da kotu ta soke zaɓen Gwamna Aliyu Magatakarda Wamakko, kakakin majalisa Abdullahi Balarabe Salame ne ya riƙe jihar har aka sake zaɓe.

Ya kamata kuma ɗan takara ya faɗa wa mutane iyakar ikon kujerar tun kafin su zaɓe shi. Alal misali, an rufe iyakar Najeriya da Nijar a Agustan 2019, aka hana kai man fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga bakin iyaka, sai Disambar 2020 aka buɗe Illela cikin iyakoki huɗu na farko. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, har zuwa Maris 2024. Kowane karo mutanen da ke da dangi da gonaki da abokan ciniki a Ƙonni ne suka fi jin jiki. Ɗan majalisar jiha ba shi da mabuɗin iyaka, kwastan da soja da 'yan sanda duk na tarayya ne. Abin da zai iya shi ne ya tashi a zauren majalisa ya faɗi halin da ake ciki da sunayen garuruwa, ya sa hanyar ƙauye da asibiti da makaranta da ma'ajiyar amfanin gona a cikin kasafi, ya bi su har a gani a ƙasa, ya dawo gida ya yi bayanin abin da ya samu da abin da ya gagara.

Wuri ɗaya ne misalin nan ya gaza, kuma shi ne mafi muhimmanci. Albasa ba ta zaɓen wanda zai noma ta, mutanen Lafani kuwa suna da zaɓi. Duk matashin da ya shigo zaure neman wannan kujera, a karɓe shi da mutunci, a ba shi ruwa, sannan a tambaye shi: wa ya biya maka fom, me ka taɓa yi wa jama'a kafin yau, kuma sau nawa a shekara za ka dawo nan ka zauna mu yi lissafi? A sa malamin gari ya rubuta amsarsa a gaban shaidu, a ajiye. Mai niyyar gaskiya zai yi murna da wannan takarda, domin ita ce za ta tsaya masa ranar da masu kuɗi suka zo sayen abin da ya shuka.